Tashar Ma'azu da Buhunan Kawu Halliru

A unguwarmu, cikin garin Wurno, akwai wata rumfar kwano a ƙofar gidan Kawu Halliru manomin albasa, inda dattawa suke zama bayan sallar la'asar. Abin da ya tara su shi ne wani tsohon akwatin talabijin mai ƙaton ƙeya, wanda ake kunnawa da batirin sola, eriyarsa kuma tana ɗaure a kan doguwar gora da aka kafa a jikin katanga. A nan suke kallon labarai da kokawa, su yi gardama a kan abin da suka gani da wanda ba su gani ba, har a kira magariba. Shekara goma sha ɗaya ana haka cikin lumana, sai da Ma'azu ya dawo daga Sakkwato.

Ma'azu ɗan ƙanwar Kawu Halliru ne. Ya tafi birni da niyyar koyon gyaran waya, ya yi wata huɗu, ya dawo bai iya gyaran ba. Abin da ya dawo da shi shi ne wata faffaɗar waya, da baƙin tabarau, da magana mai yawa.

Ran da ya fara zuwa rumfar, ko gaisuwa bai gama ba ya nuna akwatin da leɓe.

"Kawu, wanga akwati ya mutu. Ku ɗai na ba ku samu labarin jana'iza ba."

"Mi yak kashe shi?" in ji Kawu Halliru. "Ga shi nan shina magana."

"Magagi na, Kawu. Duniya dut ta koma intanet. Ku sai kun jira abin da anka ga dama anka nuna muku, ni ko abin da nika so shi nika kallo. Kuma abin talabijin in ya wuce ya wuce. Na waya, in ya hau ya hau ke nan, hal jikokinku sai sun gani. Ni da kunka gani, yanzu haka tasha gare ni tawa ta kaina: Tashar Ma'azu, Muryar Gabashin Sakkwato."

Maccido tsohon direba, wanda ba a taɓa yin zance a rumfar ya wuce bai sa masa gishiri ba, ya laluba aljihu ya fito da wasu ƙananan sukurori.

"Muryar Gabas, waɗanga na wayata na da kab buɗe watan jiya. In ka gama gyaran duniya, ka tuna da su."

Aka yi dariya. Ma'azu bai karaya ba, domin ya san inda zai taɓa kawunsa. Kawu Halliru yana da albasar shekara guda cur a rumbu, ya hana kansa sayarwa tun girbi yana jiran ta yi daraja, kuma duk shekara mutum ɗaya ne yake kwashe ta a kasuwar Goronyo, wani babban ɗan kasuwa mai suna Alhaji Uwaisu. A kan wannan albasa abincin gidan ya dogara, a kanta kuma sunansa ya dogara a kasuwa.

"Kawu, shekara nawa kana lallashin mutum guda? Bari in nuna albasakka ga tashata, masu saye su yo layi tun daga Legas. Ku ba ni hal kasuwar Goronyo ta ukku. In ban sa kun manta da wanga akwati ba, ni da kaina za ni riƙe muku eriya da hannuna."

Kafin kowa ya ce uffan, ya riga ya kwance eriyar ya jefa ta kan rufin, ya tuge gorar ya saɓa a kafaɗa, wai ma'aikacin tasha ba ya aiki sai da sandar ɗaga waya. Hoton akwatin ya koma yayyafi. Kawu Halliru ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kalmar Legas ta dawo masa, ya rufe.

"Kun ji shi dai," in ji Maccido. "Da hannunai yac ce."

Washegari aka yi gwajin farko. Ma'azu ya nemo kokawa a waya, ya jingine ta da kofin shayi. Dattawa goma sha ɗaya suka haɗa kawuna a kan abin da bai fi tafin hannu ba, huluna suna karo, wannan yana cewa a matsa, wancan yana cewa an taka masa carbi. Ɗan kokawa ya sunkuya ya kama ƙafar abokin karawarsa, ya ɗaga ta sama, sai hoton ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana juyawa.

"To, shi aje ƙahwar mana," in ji Maccido.

"Sabis na yay yi ƙasa, Baba Maccido. Yanzu za shi dawo."

Bai dawo ba. Ma'azu ya ɗaure wayar a kan gorar da kyauron roba, ya ɗaga ta sama. Nan take aka ji kalangu ya ci gaba da tashi, amma wayar tana can kusa da reshen dalbejiya, babu mai ganin komai sai tsuntsaye. Ya sauko da ita, zobe ya dawo. Ya ɗaga, kiɗa ya tashi. Da abin ya ishe shi, sai ya tattare riga ya hau rufin rumfar da wayar a hannu, ya ce su kwantar da hankalinsu, shi zai kalla ya riƙa faɗa musu.

"Ya kama shi! Ya juya shi! Ya... ya tsaya."

"Wa yat tsaya?"

"Sabis."

"Wanga Sabis ɗan wane gari na?" in ji wani dattijo mai nauyin ji. "Tun ɗazu shi ɗai aka hwaɗi."

Ma'azu ya matsa gaba yana neman inda ya fi, ya taka inda kwanon ya ci tsatsa. Ƙafarsa ta dama ta ɓurmo har cinya, ta tsaya tana reto daidai kan hular Maccido. Maccido ya ɗaga kai ya dube ta da kyau.

"Alhamdu lillahi. Ƙahwa dai ta sauko, ko da ba wadda muka jira ba ta."

Wani zai ɗauka wannan ya isa. Ma'azu kuwa ya ce matsalar ita ce kallon shirin wasu. Tasha ta gaskiya nata take yi. Ranar kasuwar Rabah ya hau babur da gorarsa, ya tafi ɗauko labarai kai tsaye. Da ya isa, ya fara da neman mabiya. Duk wanda ya gani da babbar waya sai ya yi masa sallama, ya karɓa kamar zai duba lokaci, ya danna masa bin Tashar Ma'azu, ya mayar. Mutum shida suka ƙwace kafin ya gama, ɗaya ya bi shi da takalmi. Wanda kawai ya bar shi ya gama shi ne wani mai ƙiba da ke zaune a kan benci yana cin rake, wanda ya zo sayen buhunan zuba kaya. Alhaji Uwaisu ne da kansa.

"Kai ba ɗan ƙanwar Halliru na ba? Danna, ɗana, danna. Mi za ni gani ciki?"

"Abin da talabijin ba ta iya nuna maka, Alhaji."

Daga nan ya shiga kasuwar dabbobi, ya ɗaga gora, ya fara jawabi cikin murya irin ta masu karanta labarai. Ya bayyana shanu, ya bayyana raƙuma, ya yi hira da wani mai rago, yana ja da baya domin ya samu hoto mai kyau, har ya shiga hurumin ragon. Ragon ya ja da baya shi ma, amma da wata niyya dabam. Aka tsinci Muryar Gabas a cikin kwandon tumatir.

Ya dawo gida yana ɗingishi, amma fuskarsa cike da fara'a. Ya nuna wa 'yan rumfa cewa mutum uku sun kalli shirin.

"Guda ni na, guda Bara'atu ta. Na ukkun ko, ban san ko wa na na ba. Wataƙila daga ƙasar waje."

Bara'atu matarsa ce, mace mai natsuwa wadda ba ta iya ɓoye gaskiya ba. Da ya shiga gida ya tambaye ta yadda ta ga shanun, sai ta ce ba ta ga saniya ko ɗaya ba.

"To mi kig gani?"

"Cikin hancinka, Malam. Tun daga hwarko hal ƙarshe. Wayar kai taka kallo, ba kasuwa ba. Sai can nig ga sama ta juya, nij ji kana salati."

Labarin ya riga shi fita, domin maƙwabta mata huɗu ne suka kalla tare da ita. Kafin magariba, har mai ƙosai tana tambayarsa ko hancin ya huta. Ma'azu ya koma gida a fusace, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga yatsa.

"Bara'atu, daga yau kak ki ƙara sa baki ga aikin tasha. Ko mi kig gani, ko gobara ta, ki yi shiru. Kin ji?"

"Na ji, Malam."

Haka aka iso jajibirin kasuwar Goronyo ta uku, ranar da za a zuba albasa a buhu. Da hantsi Ma'azu ya bi kawunsa fadama inda rumbun yake. Wannan karon ya duba da kyau, ya tabbatar wayar ba hancinsa take kallo ba. Ya kafa gorar a ƙasa, ya saita ta a kan rumbun da buhunan, ya zaɓo manyan albasa guda biyu jajaye masu sheƙi, ya tsaya gaban waya.

"Jama'ar duniya, ga albasar Wurno, albasar Malam Halliru, wadda tun daga bakin buhu hal gindinai iri guda ta. Gobe muna Goronyo. Wanda yam makara shi kuka da kainai."

Ya gama, ya kai yatsa ya taɓa fuskar wayar. Rana tana haska gilashin, tabarau kuma yana idonsa, bai ga abin da ya taɓa ba. Ya juya ya ce, "Kawu, na kashe. Mu yi aiki."

To, akwai yadda ake zuba albasa a buhu wanda kowane manomi a yankinmu ya sani, kowane mai saye ma ya sani, amma ba a faɗarsa a gaban mutane. Kawu Halliru ya ga ɗan ƙanwarsa yana zubawa yadda ta zo, sai ya riƙe masa hannu.

"Kai, wa yak koya maka haka? Tsaya ka gani. Ƙanana ƙasa. Waɗanda sunka hwara taushi, tsakiya, inda hannu ba ya kai. Manya, jajaye, su aka jerawa baki, awa amare. Sannan ka ɗinke."

"In Alhaji Uwaisu yac ce a juye hwa?"

Kawu Halliru ya yi dariya har ya zauna a kan buhu.

"Uwaisu? Shekara goma sha biyat bai taɓa juye buhu ba. Tumbi ya hana shi duƙawa. Shi dai shi taɓa na baki da sanda, shi ce madalla. Kai, ko duwatsu kas sa mai tsakiya, sai ya kai kasuwar Onica can kudu za shi sani."

Ya tashi ya kwaikwayi tafiyar Alhajin, ya turo ciki gaba yana haki. Suka yi ta aiki suna raha har azahar, buhu bayan buhu, ƙanana ƙasa, masu taushi tsakiya, amare a baki. Da suka gama, Ma'azu ya sauko da wayar ya tarar ta mutu, caji ya ƙare. Ya ce zafin rana ne.

Da safe aka yi lodi a a-kori-kura, suka kama hanyar Goronyo. Ma'azu yana zaune a kan buhunan da gorarsa, ya cika wayar da caji amma ya ƙi buɗe tashar, wai sai a tsakiyar kasuwa zai duba, a gaban shaidu. Babu layin mutanen Legas a bakin kasuwa. Ya ce wataƙila sun tsaya karin kumallo.

Alhaji Uwaisu yana zaune a rumfarsa, kuma abin mamaki, mutane sun fi na kullum yawa a wurin: dillalai, 'yan dako, manoma, har da masu sayar da hatsi da suka baro nasu layin. Ya tarbe su da fara'a.

"Malam Halliru! Sannu da hanya. A sauke, a sauke. Yau na tashi da wani irin ƙarhi, ji nika awa in duƙa."

Kawu Halliru ya yi murmushin yaƙe. Alhaji ya yafito wani mai tallar maganin gargajiya, ya karɓi lasifikarsa, ya kanga wayarsa a bakinta. Sai muryar Kawu Halliru ta cika layin 'yan albasa, tas, babu zobe, babu tsayawa:

"Ƙanana ƙasa. Waɗanda sunka hwara taushi, tsakiya, inda hannu ba ya kai..."

Kasuwa ta fashe da dariya. Da aka zo wurin tumbi, wani ɗan dako ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Alhaji ya juya wayar yana nuna wa jama'a hoton, ga Kawu Halliru nan ya turo ciki yana haki.

"Wanga ni na," in ji Alhaji. "Wallahi ya iya. Ɗana, ka yi gaskiya, talabijin ba ta taɓa nuna man irin wanga ba. Awa ukku ina kallo jiya, hal abinci yay yi sanyi. Ni na na ukkunku."

Sannan ya miƙe, ya tattare babbar riga, ya duƙa a gaban kowa, ya farke ɗinkin buhun farko da hannunsa. Amare suka gangaro, na tsakiya suka biyo da warinsu, ƙananan suka watsu kamar goro. Ya sa aka juye na biyu, da na uku, har na ƙarshe.

Abin bai tsaya a kan Kawu Halliru ba. Sauran masu saye da suka ga haka, kowa ya juya ga nasa manomin ya ce a juye. Cikin ɗan lokaci layin albasa gaba ɗaya ya zama fili guda na albasa a ƙasa, kuma babu buhun da aka samu gindinsa ya yi kama da bakinsa. Manoman Wurno da na Rabah da na Goronyo suka tsaya cikin kayansu har idon sawu, suna tambayar abu ɗaya: wane ne mai tashar?

Mai tashar kuwa yana gefe ya buɗe wayarsa, idonsa ya fito.

"Kawu! Kawu, dubi! Mutum dubu tara! Ban hwaɗa maka ba? Dubu tara, kuma ƙaruwa shika yi!"

"Goge shi," in ji Kawu Halliru a hankali.

"Ko na goge, Kawu, an riga an tura ko'ina. Ai shi na daɗin abin. In ya hau..."

"Hal jikokina sai sun gani."

"Yawwa, Kawu, ka gane ke nan!"

Ba a san wanda ya fara jifa ba, amma an san da masu taushin aka yi, tunda ga su a kusa. Ma'azu ya ruga ta layin hatsi, gora a hannu, manoma a baya. Gorar ta sarƙe a ƙofar wata rumfa ta karye biyu, ya bar ta a nan, ya tsira da wayar da rabin tabarau.

Alhaji Uwaisu ya zaɓi manyan kawai, ya sa aka ɗaure masa, ya ce sauran a mayar wa mai su ya yi miya. Ya kuma ce daga bana, albasar Halliru sai an juye ta a gabansa, shi kuma zai riƙa duƙawa domin likita ma ya ce yana da amfani. A-kori-kurar da ta tafi da kaya ta dawo Wurno da fiye da rabinsa. Kafin su bar kasuwa, Kawu Halliru ya sauka ya ɗauko guntun gorar nan ya riƙe a cinya.

Ma'azu ya shiga gida da yamma yana warin ruɓaɓɓiyar albasa. Bara'atu ta kawo masa ruwa.

"Ke kin ga shirin jiya?"

"Na gani, Malam. Tun daga amare hal tumbi."

"Kin gani! Kina da lambar Kawu, kina da ƙahwa, kuma kib bari munka yi ta zuba awa ukku?"

"Kai kac ce ko gobara ta in yi shiru. Wagga ko hayaƙi babu."

Bayan kwana biyu, da la'asar, dattawa suka hallara a rumfa. Maccido ya tuna wa jama'a alkawari, kalma bayan kalma, har da inda aka ce da hannu. Tunda gora ta karye, babu wata hanya. Ma'azu ya kafa tsani ya hau rufin, ya kauce wa ramin da ƙafarsa ta yi, ya ɗaga eriya sama da hannu biyu. Aka kunna akwati.

"Dama!" in ji Maccido. "A'a, ka wuce. Hagu kaɗan. Ɗaga. Muryar Gabas, ba ka ci abinci ba? Yawwa! Tsaya nan!"

Hoto ya fito garau, irin wanda ba a taɓa samu ba a zamanin gora. Shirin kasuwanni ake yi. Mai gabatarwa ta ce akwai wani bidiyo da ya zagaye wayoyin jama'a a wannan mako, wanda ya sauya yadda ake cinikin albasa a gabashin jiha. Sai ga Kawu Halliru ya cika akwatin, ya turo ciki gaba, yana haki.

"Juya ta!" Kawu Halliru ya daka tsawa yana kallon rufi. "Ma'azu, juya eriyag ga! Ɓata shi!"

"Kak ka motsa!" in ji dattawa goma a tare.

Ta ramin kwanon Ma'azu ya jiyo muryar kawunsa tana fitowa daga akwatin, ƙanana ƙasa, masu taushi tsakiya. Farin ciki ya kama shi.

"Kun ji ko? Tashata ta! Hal talabijin ni taka kallo!"

Ya ƙanƙame eriyar, ya daskare a wurin kamar an dasa shi, hoton bai ko girgiza ba har aka gama shirin. Wannan shi ne aiki na farko da Ma'azu ya yi daidai tun dawowarsa daga Sakkwato. Kawu Halliru ya jira aka gama, ya miƙe a natse, ya shiga gida ya fito da guntun gorar, ya janye tsanin daga jikin rumfa, ya zauna a ƙasan ramin yana jira.